Ɗakin da Aka Rufe Mini a Cikin Serber

Ƙarfe goma da minti ashirin na safiyar wata Litinin abin ya fara. Na san lokacin daidai domin agogo yana rataye saman allo a ɗakin ordinater, kuma ni tun ina ƙarama nake rubuta lokaci a gefen kaye, littafin rubutuna, ko ba wanda ya sa ni. Na zauna a ordinater ta huɗu daga taga, na buga lambata, na buga kalmar sirri. Ta karɓa. Amma maimakon takarduna su fito jere a gefen hagu kamar kullum, sai fuskar na'urar ta zo fayau, da ɗan akwati a tsakiya mai layi biyu na Faransanci. Layin farko ya ce ba a iya shiga dosiyena ba. Na biyu ya ce duk abin da na rubuta a wannan zama zai ɓace da zarar na tashi.

A shekarar da gero bai yi ba ne, wadda sojoji suka karɓi mulki a Yamai kafin zafi ya kankama. Ina ajin farko na lise, babbar sakandare, a Matameye. Ɗakin ordinater ɗinmu wasu ƴan poroje masu ba da tallafi ne suka haɗa shi shekara biyu kafin nan: na'ura goma sha ɗaya a kan tebura, da wata babba a kulle cikin kabad na ƙarfe a lungu, wadda ake ce wa serber. Na kan tebur ba sa ajiye komai. Duk abin da ka rubuta cikin serber yake shiga, inda kowane ɗalibi yake da dosiyensa. Malamin lissafi aka ba mabuɗin wurin, saboda shi aka tura horon kwana uku. Shi ya ce mu ɗauki dosiyen kamar ɗaki: ranar da ka fara shiga da lambarka serber take gina maka shi, ta ba ka mabuɗi kai kaɗai. Daga nan kowa ya koma cewa ɗaki. Mushe muke ce masa, kamar yadda muke ce wa kowane malami.

A cikin ɗakina akwai shafi goma sha tara. Kakata ta taso daga Kurni ta dawo gidanmu bayan girbin da bai kai rabin rumbu ba, ni kuma na riƙa zama kusa da ita da yamma tana faɗa mini yadda ake jiƙa anza ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, da ganyen da ake dafawa sau biyu a zubar da ruwan farko, da yadda ake gane jigar da ta tsufa, da abin da ba a ba yaron da ake yaye. Na rubuta a kaye. Malamin kimiyya ya gani, ya ce rubutuna ne zai wakilci makarantarmu a gasar ɗalibai a Damagaram. Sharaɗi ɗaya ne: sai an buga shi a na'ura, ba a karɓar rubutun hannu. Sansar, mataimakin shugaban makaranta, shi zai kai takardun ranar Alhamis ta mako mai zuwa. Saura kwana goma ke nan.

Kowane ɗalibi rabin awa yake samu, Litinin da Alhamis, in akwai kuran, wato wutar lantarki. Wata huɗu na yi ina buga shafukan nan da yatsa biyu. Ba ni da kile, ɗan abin ajiyar da ake sokawa a jikin na'ura, da zan kwafa a ciki, ko ina da ita ma Mushe ya liƙe ramukan na'urorin da salatif saboda tsoron birus mai lalata na'ura.

Na daɗe ina kallon akwatin kafin in iya ɗaga hannu. Ban saba magana a aji ba, muryata ba ta wuce tebur biyu.

"Mushe, ɗakina ya ƙi buɗuwa."

Bai taso ba. "Kin manta kalmar sirri."

"Ta karɓa, Mushe."

"To kin goge wani abu. Ku ƴan mata in kun ga maɓalli sai kun latsa. Kashe ki kunna."

Na kashe na kunna. Akwatin ya dawo. Na sake sau biyu. Ƙarfe goma da minti hamsin ya tafa hannu, na bayanmu suka shigo, na tashi.

Ina da ƙawa guda a ajin, ƴar mai sayar da rake a bakin tasha, wadda bakinta yake yi mana aiki mu biyu. Ita ta roƙi Mushe ya bar mu mu shiga lokacin rekre, hutun safe, ranar Talata da Laraba, da sunan za mu share ɗakin. Muka share, sannan na ja layi a kaye na fara gwaji. Na shiga da lambata a na'ura ta ɗaya, akwatin ya fito. Ta biyu, ya fito. Har ta goma sha ɗaya. Na sa ƙawata ta shiga da lambarta a inda na tashi, ɗakinta ya buɗe da hotunan ƴan wasan da ta cika shi da su. Sai na faɗa mata kalmar sirrina, abin da aka hana mu, na ce ta buga lambata da nata yatsun. Akwatin ya fito.

"Ke, ba hannunki ba ne ashe," ta ce. "Da na ce ko miyar kuka ce ta maƙale miki a yatsa."

Na rubuta a ƙasan shafin: ba na'urar tebur ba ce, ba kalmar sirri ba ce, ba hannuna ba ne. Lambata matsalar take bi.

Ranar Alhamis na miƙa wa Mushe kayen. Ya riƙe shi kamar an ba shi kwanon da ba nasa ba, ya duba layukan da ido ɗaya, ya mayar mini. Amma dai ya tashi. Ya ciro wasu takardu huɗu cikin leda, waɗanda mai gyaran poroje ya bar masa. Mai gyaran nan a Damagaram yake, kuma tun da masu ba da tallafi suka tsayar da ayyukansu saboda halin da ƙasa ta shiga bai sake leƙowa ba. Takardun nan huɗu su ne duk abin da makarantarmu ta sani game da serber.

Mushe ya buɗe wata baƙar taga a na'urarsa, ya sa yatsa a takarda ta biyu, inda aka rubuta yadda ake gina wa ɗalibi ɗaki da hannu in serber ba ta gina ba. Ya kwafa harafi bayan harafi. Serber ta amsa da layi ɗaya: ba za ta gina ba, domin akwai shi.

"Kin gani?" ya ce, da ƙarfi don aji ya ji. "Ɗakinki yana nan."

"To ya buɗe, Mushe."

Ban san ta fita da wannan sautin ba sai da na ji aji ya yi tsit. Ya kalle ni ta saman tabarau. Ya ce tunda na zama malama, zai yi mini sabuwar lamba in huta in bar shi ya huta. Ya cika sunana, da sunan mahaifina, da ranar haihuwa, serber ta ba da sabuwar lamba. Na je na buga. Akwatin ya fito, layi biyu, ba abin da ya sauya.

Nan aji ya fashe. Wani daga baya ya ce serber ta tsane ni ne. Wata ta ce a ɗauko Malam ya yi wa kabad ɗin tofi. Mushe ma ya yi dariya, ya ce a shekara biyu bai taɓa ganin wanda na'ura ta ƙi da lamba biyu ba, lalle in binciki kaina. Na koma kujerata na rubuta lokaci, goma da minti arba'in da biyu, na rubuta sabuwar lambar, na rubuta amsar serber. Bik ɗin da nake rubutu da shi ya huda takardar.

Ƙawata ta ce in sake bugawa a cikin ɗakinta, ta bar mini rabin awarta. Na lissafa. In na yi sauri, shafi ɗaya nake bugawa a rabin awa. Ko da rekre da shara da roƙo, ba zan wuce shafi biyar ba kafin Alhamis. Na fara duk da haka. Ranar Juma'a aka ɗauke kuran tun safe.

A gida ba wanda zan faɗa wa. Tsakar gidanmu ta cika da dangi daga ƙauye, kowace tabarma da mai ita, Inna tana raba tuwo da ido kafin ta raba da hannu. Bokitai uku na anza suna jiƙe a gindin bango. A irin wannan gida ba a shigowa ana kuka saboda takarda. Na san haka, kuma sanin bai rage mini fushi ba, ƙara shi ya yi, domin ba inda zan ajiye shi. Kakata ce kawai ta lura na daina zama kusa da ita da kaye.

"Ina maganata da kika ce kin zuba a ƙarfe?"

"Tana ciki, Kaka. Ƙofar ce ta ƙi buɗuwa."

"Wa ke da mabuɗin?"

"Mushe."

"To ki ce ya buɗe mana. Ko shi ma jiƙa shi ake yi kwana huɗu?"

Litinin ta biyu ban zauna a na'ura ba. Na je na tsaya bayan kujerar Mushe da kayena. Ya yi kamar bai gan ni ba, ya gaji, ya buɗe baƙar tagar, ya kwafi wani layi daga takarda ta uku wanda yake jero ɗakunan ɗalibai duka. Sunaye suka gangaro. Ya tsayar a kan nawa don ya sake nuna mini yana nan. Na kwafe layin gaba ɗaya, da na samansa, da na ƙasansa. Sunan ɗakin shi ne sunana haɗe da na mahaifina da ranar haihuwata. A layin sama da na ƙasa, inda ake nuna mai ɗaki, lambar ɗalibi ce. A nawa babu lamba, sunan babban mai iko da serber ne, kuma haruffan izini da ke farkon layin duk sun koma ƴan sanduna. A ƙarshen layin akwai ranar da aka taɓa ɗakin: Litinin da ta wuce, ƙarfe tara da minti hamsin. Rabin awa kafin in zauna.

"Mushe, me aka yi a serber waccan Litinin kafin rekre?"

Ya ce ba abin da ya shafe ni. Da na ƙi motsawa, ya ce sabbin hukumomi sun ce a ƙirga ɗaliban da suka bar makaranta saboda yunwa, surbeyan mai kula da ɗalibai ya kawo masa jerin, shi kuma ya rufe ɗakunansu kamar yadda takarda ta huɗu ta ce a yi wa wanda ya tafi.

"Ke kin tafi?"

"A'a."

"To."

"Ko an sa lambata bisa kuskure."

Ya ciro jerin daga aljihu, ya bi lambobin da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, yana kallona bayan kowace. Lambata ba ta ciki. Gaskiya ya faɗa. Na ce ya ba ni in duba sunayen, ya ninke takardar ya ce ba ta ɗalibai ba ce. Na ce to ya buɗe ɗakin da babban mabuɗinsa, tunda shi ke da ikon komai. Ya ce takarda ta huɗu ta nuna yadda ake buɗe wa lambar da aka rufe, lambata kuwa ba a rufe take ba. Abin da ba ya cikin takarda ba zai buga ba. In serber ta mutu a hannunsa, wa zai gyara? Ni? Na ce a kira mai gyaran. Ya ce ya yi masa bip a waya sau biyu, bai kira ba.

Yau na gane tsoro ne yake damunsa. An ba mutum horon kwana uku da takarda huɗu aka tafi aka bar shi da na'urar makaranta guda. Amma da ya ce mini, "Ban sani ba, kuma ina tsoron taɓawa," da na haƙura da shi tun ranar. Bai ce ba. Kwana goma ya yi yana barin aji su ɗauka ni ce na ɓata abu, alhali kwanan wata da lokacin suna gabansa a fuskar na'ura, kuma ya san hannun da ya taɓa serber a wannan lokacin. Wannan ne har yanzu ban yafe ba.

Ranar Laraba ƙawata ta ja ni zuwa biron Sansar, wato ofishinsa. Mun same shi yana sa hula, za shi taro wurin sabon perfe, shugaban gunduma. Ita ta yi bayani, ni ina riƙe da kayen rubutun a hannu ɗaya, da shafi huɗu da na samu na sake bugawa a ɗayan. Ya saurara yana neman mabuɗin babur.

"Shafi huɗu da kaye? Ƴata, ba ni na kafa sharaɗin ba. Akwai wani ɗan ajin ƙarshe da ya buga nasa, shafi shida a kan tsaftar muhalli. Shi zan kai."

"Mushe Sansar, nata yana cikin serber, cikakke," in ji ƙawata. "A ce wa Mushe ya buɗe kawai."

"Ni ban san serber ba. In malaminku ya ce ba ya buɗuwa, ba ya buɗuwa. Ga mutane suna barin gari, ku kuna maganar ordinater. Baɗi ma rana ce."

Alhamis da safe ina tsaye a bakin ajinmu na ga ya fito da ambulan ruwan ƙasa ya nufi tasha. Ƙarfe takwas saura kwata. Na rubuta, ban san don me ba. Da ƙarfe goma ya yi aka tafi ɗakin ordinater, ban bi ba. Ban sake shiga ba har mako uku. Mushe bai tambayi inda nake ba.

Mai gyaran ya zo wata Talata, ba don ni ba. Poroje ake rufewa, an aiko shi ya ƙirga kayan da za a bar wa makaranta. Siriri ne, da jaka a kafaɗa da ƙura har gwiwa. Na hango shi ta taga yana fitowa daga ɗakin ordinater shi da Mushe, ya gama zai tafi. Ban taɓa fita daga aji ba tare da izini ba sai ranar. Na je na tsaya a gabansa a bakin ƙofa, na miƙa masa kayen a buɗe.

Mushe ya ce, "Wannan ce wadda na ce maka na'ura ta ƙi."

Mai gyaran ya karɓi kayen. Ya karanta shafin gwajin na'ura goma sha ɗaya. Ya juya, ya karanta amsar serber da sabuwar lambar. Ya juya, ya tsaya a kan layuka ukun da na kwafa. Ya daɗe a nan. Sai ya ajiye jakarsa ya koma ciki, muka bi shi.

Ya zauna a kujerar Mushe, bai dubi takardun leda ba. Ya buga layi biyu, ya ce Mushe ya ba shi jerin waɗanda suka tafi. Ya duba jerin, ya duba na'ura, ya shafa fuskarsa da tafin hannu.

"Ƙanwata, yaushe aka haife ki?"

"Inna ta ce da damina, gero yana fitar da kai."

"A takarda fa?"

"Ɗaya ga Janairu."

"Jijima ce?"

Na ce e. A Kurni aka haife ni, a gida, ba wanda ya rubuta ranar. Sai da zan yi jarrabawar ƙarshen firamare Baba ya je kotu da shaidu biyu aka yi mini jijima, takardar haihuwar da alƙali ke bayarwa daga baya. Duk wanda ba a san ranarsa ba, ɗaya ga Janairu ake sa masa. A ajinmu kaɗai mun fi a ƙirga da yatsun hannu biyu.

Ya buga wani layi. Ya ce in je in shiga da tsohuwar lambata. Na zauna a na'urar da ta fi kusa, na buga lambar. Takarduna suka fito jere a gefen hagu. Na buɗe rubutun, na gangara har ƙasa, shafi goma sha tara, ba harafin da ya ɓace. Ban ji daɗi ba ko kaɗan. Duk aikin bai kai minti biyu ba.

Na juyo na ce, da muryar da ta kai ƙarshen ɗakin, "Ina so a faɗa mini abin da ya faru."

Mushe ya fara cewa ai an buɗe, me kuma. Mai gyaran ya ɗaga masa hannu.

"Ku biyu ne a ɗakin," ya ce. "Akwai wata yarinya a ƙaramin aji, ƙasa da lise, ƴar garin Dungu. Sunanku ɗaya, sunan mahaifinku ɗaya, ita ma jijima gare ta, ɗaya ga Janairu, shekara ɗaya da ke. Lambobinku daban ne, amma sunan ɗaki da suna da ranar haihuwa ake haɗa shi, sai lambobin biyu suka nuna ɗaki guda. Ita ba ta taɓa shiga ba ko sau ɗaya, shi ya sa ba ki sani ba. Iyayenta sun tafi da ita kudu neman abinci, aka sa ta a jerin nan, Mushe ya rufe ɗakinta, ɗakin kuma naki ne. Serber ba ta gina miki sabo ba domin ta ga akwai wani da wannan sunan, ko lamba goma aka yi miki nan za ta kai ki. Ni na tsara shi haka. A Yamai na zauna na tsara, na ɗauka ba yadda za a yi mutum biyu su haɗa suna da uba da ranar haihuwa, kuma ni ma jijima gare ni. Duk abin da ake buƙata don a gane yana cikin kayen nan naki tun ranar da kika kwafi layukan nan uku. Karantawa ce ba a yi ba."